Kai Ya Kulle Bayan Karatu: Yadda Matashi Zai Gano Alƙiblarsa Ya Motsa

Akwai tambayar da ke hana matasa da yawa zuwa ɗaurin aure da suna: "To, yanzu me ake ciki?" Wanda ya gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce, takardunsa na cikin leda a ƙasan akwati, yakan ce "ana ta fama" ya sulale. Budurwar da ta gama digiri kuwa nata salon daban ne: "Har yanzu shiru?" Abin da ya fi ciwo shi ne mutum ya koma ɗaki ya yi wa kansa tambayar ya rasa amsa. Bai san abin da yake so ba. Bai tabbata karatun da ya yi zaɓinsa ne ko na mahaifinsa ba. Wani lokaci har yakan ji shi wani ne a gida, wani a majalisa, wani kuma a waya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan hali. Erik Erikson ne ya fito da shi fili a shekarun 1950 da 1960, ya ce kowane matashi sai ya ratsa lokacin da zai rasa tabbacin ko shi wane ne. A 2000 Jeffrey Arnett ya nuna cewa inda karatu ke tsawo aure ke jinkiri, wannan lalube yakan faɗo tsakanin shekara 18 da 25, har ya kai 29. A Najeriya akwai ƙarin jinkirin da ba laifin ɗalibi ba ne: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Wanda duka biyun suka rutsa da shi, wata 17 ke nan. Ya kamata ya cire su daga lissafinsa kafin ya ce an bar shi a baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zauna yana tunani, wai sai ya gano kansa tukuna zai motsa. Tunani kaɗai ba ya ba da wannan amsa, domin ba ka san ko kana son abu ba sai ka taɓa shi. Matakan da ke tafe an jera su ne don a kai ga taɓawar. Za a yi magana da "kai" don sauƙi, amma mace ma da ita ake.

Da farko, a tabbatar ba ciwo ba ne

Ruɗani da ciwon damuwa suna kama a ido, amma maganinsu daban. Mai ruɗani yana cin abinci, yana dariya idan abin dariya ya zo, yana jin daɗin ƙwallo ko hira, sai dai bai san inda ya dosa ba. Mai ciwon damuwa ɗanɗanon komai ya gushe masa. Ma'aunin likitoci shi ne mako biyu a jere, kusan kullum, mutum yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ga kuma wasu daga cikin waɗannan: barci ya lalace, ko ya riƙa farkawa ƙarfe 3 na dare ko ya yini a kwance, ci ya ragu ko ya ƙaru sosai, kasala, kasa tattara hankali ko a kan shafi guda, jin cewa shi kaya ne a wuyan iyayensa, tunanin gara ma ya mutu.

Akwai takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, ana samun ta kyauta a intanet, makinta daga 0 zuwa 27. Wanda ya samu 10 zuwa sama ya nemi likita kafin ya ci gaba da sauran matakan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Inda babu, babban asibiti mafi kusa ya isa a fara. Ka nemi a auna jininka ma, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro suna kawo kasalar da ake ɗauka lalaci ne. Idan an ba ka magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ka fara jin sauƙi. Da yawa suna jefar da shi a kwana na goma su ce bai yi ba. Addu'a da ruƙiya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Abu uku ba sa jiran gobe: tunanin kashe kai, jin muryoyin da wasu ba sa ji, da yin kwanaki ba barci ba gajiya ana ta manyan tsare-tsare. Ka gaya wa wani babba a yau, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a tafi asibiti. Haka wanda ya saba da tiramol, ko kodin da aka hana sayar da maganin tarinsa tun 2018, ko wiwi: babu shirin rayuwa da zai zauna a kansu. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya da yawa kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, yana iya kawo jijjiga. Likita ne zai tsara ragewa.

Gyara yini kafin gyara rayuwa

Ɗauki littafin rubutu ka raba yini gida biyar: asuba zuwa hantsi, hantsi zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa isha, sai bayan isha. Kwana 7 kana rubuta abin da ka yi a kowane gida, ka ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya bar ka, a mace ko da ƙarfi. Kada ka gyara komai a wannan makon, rubutu kawai. A ƙarshe za ka ga abu biyu: inda awanni ke zurarewa, da 'yan abubuwan da ke samun 4 ko 5. Waɗannan na biyun ka ja musu layi, za a dawo kansu.

Sai mako biyu na gyara abu uku kacal. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum har Asabar da Lahadi, da barcin awa 7 zuwa 9. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30, kwana 5 a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Sai aiki guda kullum mai ƙayyadadden lokaci da zai fitar da kai daga gida ko ya sa wani ya jira ka: kai ƙanne makaranta, cefane, koyar da yaran maƙwabta lissafi ƙarfe 4.

Dalilin wannan mataki shi ne zama yana haifar da zama. Idan aiki ya ragu, abin da ke faranta rai ya ragu, sai zuciya ta ƙara mutuwa, aiki ya ƙara raguwa. Wanda ke jiran sha'awa ta zo kafin ya tashi zai daɗe, don sha'awar a bayan motsi take tafe. Inda ake faɗuwa kuma shi ne zumuɗi: a jera abu goma ranar Litinin, har da haddar izu da koyon Faransanci, kafin Alhamis duk sun rushe, mutum ya ƙara yarda cewa shi ba ya iya komai.

Waya kuma, ka duba a saitinta awa nawa kake yi a rana. Ka bar ta tana caji nesa da shimfiɗa. Wanda hotunansa a Instagram ko WhatsApp ke sa ka kwana da ƙunci, ka rufe ganinsu na wata ɗaya, ba sai kun ɓata ba. Motar da ya jingina da ita ka gani, bashin da ke kansa bai ɗora ba.

Gano irin tsayawar da ka yi

A 1966 wani masani mai suna James Marcia ya ɗauki bayanin Erikson ya mayar da shi tambaya biyu: ka taɓa lalubawa da kanka? Ka tsaya a kan wani abu? Amsoshin suna ba da hali huɗu, kowanne da maganinsa.

Na farko bai laluba ba, bai tsaya ba. Shi ne mai "duk wanda ya samu", wanda ke cika fom ɗin soja da na kwastan da na koyarwa rana ɗaya ba tare da ya san aikin ko ɗaya ba. Abin da yake buƙata shi ne ya ga abubuwa da idonsa, don tunaninsa ba shi da abin tauna.

Na biyu ya tsaya ba tare da ya laluba ba. An ce masa likita zai zama tun yana aji uku, ko shagon Alhaji na jiran sa, ko an riga an yi mata miji a dangi. Irin wannan yakan yi shekaru lafiya lau, sai ranar da abin ya ƙi, ko JAMB ta ba shi wani kwas, ko kasuwa ta karye, ya ji ƙasa ta zame masa gaba ɗaya. Ba dole ne abin da aka zaɓa masa ya zama kuskure ba. Sau da yawa bayan ya leƙa wasu wurare yakan dawo kansa, amma a lokacin ya zama nasa.

Na uku yana cikin lalube bai tsaya ba. Shi ya fi kowa shan wahala a zuci, shi ne kuma ya fi kusa da mafita. Haɗarinsa lalube ya zame masa sana'a: kwas a intanet yau, kiwon kifi gobe, shekara biyar babu wanda ya kai wata uku. Maganinsa wa'adi.

Na huɗu ya laluba ya tsaya. Can ake son zuwa, kodayake ba a zama can har abada, rayuwa takan sake buɗe tambayar.

Kada ka yi wa kanka hukunci guda. Ka auna ɓangare-ɓangare: sana'a, aure, fahimtar addini, garin zama. Za ka iya samun kanka tsayayye a uku, ɗaya ne kawai ya rikice ya shafa wa sauran baƙin jini. Ɓangare ɗaya za ka kama a lokaci guda, taura biyu ba ta taunuwa. Ga yawancin masu wannan shekaru sana'a ce ta fi dacewa a fara da ita, don ita ke sassauta sauran.

Takarda mai gida uku

Rubuta duk abin da kake jin "ya kamata" ka yi ko ka zama kafin shekara 30. Sai ka ja gida uku: nawa, na iyaye, na mutane. Gwajin rarrabewa shi ne: da a ce babu wanda zai taɓa sani, zan so wannan? Aikin ofis da kwat yakan faɗa gidan mutane. Taimakon mahaifiya da kuɗin cefane yakan faɗa gida biyu na farko tare. Gidan iyaye ba abin zubarwa ba ne, haƙƙi ne, za a zauna da su a kansa. Gidan mutane shi ake sokewa, don "mutane" idan ka ce a lissafa su da suna ba su wuce biyar ba, kuma babu mai ciyar da kai a cikinsu.

Gwaji: nan aikin yake

Daga abubuwan da ka ja wa layi da gidan "nawa", fitar da hanyoyi uku, kada su wuce haka. Hawa uku ne: kowace ta bi biyun farko, ɗaya ce kawai za ta hau na uku.

Hawa na farko, hira. Nemi mutum 3 da ke cikin harkar, a samu wanda ya shekara goma da wanda bai wuce biyu ba. Kada ka je da roƙon aiki, ka ce shawara kake nema ta minti 20, kuma ka tashi idan ta cika. Ka tambaye su yadda yininsu ke tafiya daga safe zuwa dare, wane ɓangare suka fi tsana, wata nawa suka yi kafin abin ya fara ciyar da su, me ke karya sababbin shiga, da nawa ake farawa a ƙarami. Tambayar abin da suka tsana ta fi sauran amfani, don kowa yana iya son ribar sana'a, wahalarta ce ke tantance mai ita.

Hawa na biyu, zama a wurin, daga kwana 3 zuwa mako 2. Mai son gyaran waya a Kano ya nemi benci a Farm Centre, mai son atamfa ya tsaya shago a Kantin Kwari, mai tunanin koyarwa ya nemi aji a makarantar unguwa, mai son ɗinki ta zauna wurin tela tana guga da sa maɓalli. Ta hannun wanda maigidan ya sani ake shiga. Ka zo kafin a buɗe, ka yi shara idan ta kama. Digiri ba ya narkewa don an riƙe tsintsiya. Mace ta zaɓi wurin da iyaye suka sani, wani yayanta ya raka ta ranar farko.

Hawa na uku, kwana 90 a kan hanya ɗaya tak, wadda ta fi tsira daga hawa biyun farko. A nan kuɗi ke shiga, don haka a sa doka: abin da za ka iya rasawa ba tare da ka daina gaisawa da kowa ba. Ba bashi, ba sayar da gado, ba kuɗin adashen mahaifiya. Mai son kiwon kajin nama ya fara da 50, ba 500 ba. Suna isa sayarwa a mako 6 zuwa 8, abinci ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin, kuma sai ya san wanda zai saya tun kafin ya kawo 'yan tsaki, don kazar da ta isa ba a sayar ba riba take ci kullum. Mai son aikin kwamfuta ya duba shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ko horon hukumar samar da aikin yi ta NDE, mai bautar ƙasa kuma ya ɗauki shirin koyon sana'a na SAED da gaske maimakon ya sa hannu ya fice. Sharaɗin shi ne a ƙarshen kwana 90 a samu abin nunawa: wayoyi nawa ka gyara, riguna nawa, shafin intanet guda da ke aiki.

Kowace Juma'a ka rubuta amsar tambaya uku. Lokaci ya yi gudu ko ya tsaya? Ɓangaren da ba daɗi, zan iya jure shi shekaru? Wanda ya shekara goma a nan, ina son yinina ya zama irin nasa?

Wajen mako na 3 zuwa na 5 ɗokin sabon abu yakan mutu, hannu kuma bai faɗa ba tukuna. A nan mafi yawa ke gudu su ce ba kiwon da ya karɓe su ba ne. Ka bambance zafin rashin iyawa da ƙin abu. Idan kana jin haushi don ka kasa, kana kuma leƙen yadda gwani ke yi, rashin iyawa ne, zai wuce. Idan ko gwanin ka kalla ba ka sha'awar zama shi, wannan ƙi ne. Ko a hakan ka cika wa'adin idan babu cuta ko haram a ciki, don cika wa'adi kansa yana gyara yadda kake kallon kanka.

Zama da iyaye

Da yawa a nan suke maƙalewa. Kada ka je da "ban san abin da nake so ba", tsoro zai ba su, su ƙara matsawa. Ka je da shiri mai iyaka. Ka zaɓi lokacin da babu baƙi, ba kuma ranar da ka nemi kuɗi ba. Kalamai irin haka sukan wuce: "Baba, ina neman izini da albarka. Zan zauna wurin gyaran waya wata uku, ina kuma ci gaba da neman aikin. Idan wata ukun ya cika zan kawo maka lissafi, abin da ka gani shi za a yi shawara a kai." Ka ba su abu uku ke nan: girmansu, wa'adi, da tabbacin ba ka watsar da burinsu ba.

Idan maganar ta fi ƙarfin bakinka, musamman ta aure, nemi wanda suke jin nauyinsa: kawu, gwaggo, aminin mahaifi, malamin unguwa. Ka fara zama da shi ya fahimce ka sosai, don ɗan aike da bai gane saƙo ba yakan dawo ya zama ɗan ɓangarensu. Bayan an amince, kada ka jira a tambaye ka. Duk mako biyu ka kai rahoto da kanka, ko da sabulu ne ka saya wa Umma daga kuɗin farko.

Ƙofofin gudu

Akwai manyan matakai da ake ɗauka don a huta da tambaya. Aure don a bar gidan da ya yi zafi. Digiri na biyu don a samu amsar "me ake ciki" ta shekara biyu. Bin hamada ta Agadas zuwa Libiya, hanyar da ta ci rayuka masu yawa. Cacar ƙwallo da harkokin "zuba dubu goma ka kwashi hamsin". Aure da ƙarin karatu alheri ne idan don kansu aka nufe su. Ka tambayi kanka: da a ce gobe kowa ya daina matsa mini, zan yi wannan? Idan amsar a'a ce, ka ɗaga shi wata 6. Mai son digiri na biyu ya iya faɗin aikin da takardar za ta buɗe masa, da sunan mutum ɗaya da ta buɗe wa.

Yanke shawara

Bayan kwana 90 ka karanta rubutun Juma'o'inka gaba ɗaya a zama guda. Ka yi shawara da mutum biyu da suka ga aikinka da idonsu. Musulmi ya yi istihara, ya kuma sani malamai sun bayyana cewa ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki: ana yin ta ne a ci gaba da abin da aka nufa. Kada ka jira tabbaci ɗari bisa ɗari, ba ya zuwa. Idan abin ya fi rinjaye zuwa e, ka ɗaure wata 6, ka rubuta ranar da za ka sake dubawa a bangon littafin. Kafin ranar, duk sabuwar dabarar da ta faɗo maka ka rubuta ta a shafin baya ka bar ta a can.

Idan kuma gwajin bai yi ba, rubuta layi uku: abin da na iya yanzu da ban iya ba da, abin da na tabbatar ba na so, mutanen da na sani ta dalilinsa. Je ka yi wa maigidan sallama da godiya, kada ka ɓace masa, don shi ne zai gabatar da kai a wuri na gaba. Hutu kada ya wuce mako 2. Hanya ta biyu cikin ukun nan ta riga ta wuce hira da zaman gani, saboda haka kai tsaye za ta shiga kwana 90 ɗinta, ranar Litinin mai zuwa, da sabon shafi a littafin.